Ranar da Na Kai Ƙarar Kaina

Ba zan taɓa mantawa da satin da na karɓi lasisin dillancin gidaje ba. Doka ta zo cewa kowane dillali sai ya yi rajista da hukuma, domin ɗan haya ya san inda zai kai kuka idan an cuce shi, kuma duk talla sai da lambar lasisi a jiki. Na yi rajista, na sa takardar a gilashi, na rataye a ofishina na unguwar Bani Malik (ofishin da mutum uku ba sa iya zama sai ɗaya ya tsaya a waje). Daga nan kaina ya kumbura.

Akwai Bashir, maƙwabcina a sana'a, wanda na tabbata bai yi rajista ba. Wata safiya na ga tsohuwar takarda manne a bangon shagonsa: gidan haya, ga lambar waya, babu lambar lasisi. Ko karanta lambar wayar ban tsaya yi ba. Na ɗauki hoto, na tura wa hukuma, har da ƙarin bayani.

Ranar da jami'in bincike ya zo, na sa farar jallabiya na tsaya a gaba, 'yan layi sun taru. Bashir ya rantse ba tasa ba ce, ya zaro lasisinsa daga aljihu. Jami'in ya ce, "Halas, shi ke nan, mu kira mai lambar." Ya buɗe sautin wayar kowa na ji.

"Alo? Wa ke magana?"

Muryar mahaifiyata. Tsohon layina ne da na bar mata shekarun baya, tallar kuma ni na manna ta da hannuna.

"Hajiya, tallar gidan nan ta wace ce?"

"Ta autana ce, ya waladi! Ai tun kafin a ƙirƙiro rukhsar nan, lasisin nan naku, yake dillanci. Duk bangon Bani Malik takardunsa ne."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ga tsoron a ƙwace lasisin da ko wata bai yi ba. Jami'in ya danne dariya, ya rubuta min gargaɗi, ya ba ni kwana uku in kankare su duka.

Bashir ne ya ara min tsani, ya riƙe min, yana nuna min waɗanda na tsallake. Tun daga ranar, kafin in kai ƙarar kowa, sai na fara kiran lambar da kaina.