Rasuwar Ɗamarar Hajiya Surayya a Xiaobei

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai cike da ciwo, Hajiya Surayya ta unguwar Gwammaja a Kano, mai sayar da leshi da mayafai a Kantin Kwari, wadda yanzu take sauke a hawa na tara na wani masauki a Xiaobei, birnin Guangzhou, tana sanar da 'yan uwa mata da abokan fatauci rasuwar ɗamararta, rigar matse ciki mai ƙarafa wadda Turawa ke kira koset, wadda na jiki suka fi sani da Madam. Ta rasu da safiyar Talata, 12 ga Agusta, 2008, tana bakin aiki, bayan shekara huɗu da 'yan watanni tana riƙe da bayan uwar ɗakinta.

Da yawa daga masu karanta wannan takarda ba su taɓa sanin akwai marigayiyar ba. Haka ta so. A tsakanin shimi da riga ta yi rayuwarta, ba ta taɓa leƙowa a gan ta ba. Amma duk wanda ya taɓa ganin Hajiya ta ratso kasuwar Shahe a miƙe sambal, har ya ce wa na kusa da shi wannan mata akwai izza, to aikin Madam ya gani.

An haife ta a wata 'yar rumfa a bene na uku a Shahe, a hannun wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin mai ɗinka tufafin zamanin da ga masu wasan kwaikwayo na ƙasashen waje. Zuwan Hajiya Guangzhou na biyu ke nan, shekara guda bayan motar da ta ɗauko ta daga Katsina ta kife da su, ta bar mata ciwon baya. Likita ya ba ta bel na roba, wanda kafin azahar yake naɗewa ya taru a ƙarƙashin haƙarƙari kamar tsohuwar tabarma. A ranar, ciwon ya kama ta a kan matakala, ta lallaba ta zauna a kan wata dila a ƙofar rumfar. Tsohuwar ta dube ta, ta dafa nata ƙugun, ta ɗauko tef ɗin awo. Ba mai jin harshen wata. Ta nuna wa Hajiya wani hoto a bango, na wata Baturiya ta fiye da shekara ɗari da suka wuce, mai ƙugu kamar na zanzaro. Hajiya ta girgiza kai, ta ɗaga yatsu biyar, ta nuna ciki: ita uwar 'ya'ya biyar ce, tsayuwa kawai take nema. Tsohuwar ta gane. Bayan kwana shida Madam ta zo duniya, da yadi mai kauri ruwan madara, ƙarafa ashirin da biyu, ƙugiya biyar a gaba, da doguwar igiya da ke bi ta ramuka a baya.

Marigayiyar mai riƙon amana ce, ba ta taɓa sakin abin da aka ba ta ba. Ba ta da yawan magana. Da safe, in ana maƙala ƙugiyoyinta, takan ce ƙas, ƙas, sau biyar. In Hajiya ta zauna a tasi, sai ta ce ƙiii, a hankali, yadda direba zai ɗauka kujera ce. A ruku'u takan ɗan yi gunaguni, amma ba ta taɓa hana salla ba. Ta koya wa Hajiya tsantseni a gaban abinci: rabin kwanon taliya a gidan abincin Musulmin Sin ya ishe ta, har mata suna yaba mata da kamun kai. A ciniki ma ta taimaka. Da yake ba ta barin a sunkuya, Hajiya daga sama take duban kaya, masu rumfa kuwa su ɗauka bai burge ta ba, su fara sassautowa tun ba ta buɗe baki ba. Wuri ɗaya ne sirri ke neman tonuwa, filin jirgi, inda na'urar bincike ke yi mata kuwwa a kowace tafiya, sai an shiga bayan labule da ma'aikaciya mace an yi bayani da hannu.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma wannan ya shafi yadda ta rasu. Igiyarta a baya take, mutum ba ya ɗaura ta shi kaɗai. A Kano babbar 'yar Hajiya ce ke ja. A Guangzhou kuwa Balkissa ce, 'yar Maraɗi mai fataucin takalma da jakunkuna, wadda suke kama ɗaki tare. Ranar farko Hajiya ta yi kusan awa guda tana kewaye-kewaye kafin ta iya roƙa, domin tun rasuwar mijinta ba ta saba ce wa kowa taimaka mini ba. Balkissa ba ta yi dariya ba. Ta ce ai ba ta fi ɗaurin kaya a kan motar Maraɗi wuya ba, ta dafa gwiwa a bayan Hajiya, ta bi igiyar daga sama zuwa tsakiya, daga ƙasa zuwa tsakiya. Ita ce ta raɗa mata suna Madam, wai don ba a yi mata gaggawa. Daga nan suka riƙa haɗa tafiyarsu, shekara huɗu, kuma ko da wasa Balkissa ba ta taɓa ɗauko maganar a gaban kowa ba.

Rashin lafiyar ya fara bara. Zafin Guangzhou mai ɗanshi da gumin kasuwa suka sa tsatsa ta kama ƙarafa biyu, ɗaya ya huda yadi ya leƙo a hammata. Balkissa ta naɗe ta a ɗankwali ta kai wa Illa, mutumin Yamai da ke aiki a ofishin tura kaya, wanda asalinsa baduku ne kuma bai rabu da basillarsa ba. Ta ce masa ta wata baƙuwa ce. Illa bai tambayi wace baƙuwa ba. Ya yi mata faci da fata mai laushi, ya yi gargaɗi cewa yadin da ke riƙe da ramukan igiya ya gaji, a riƙa ja a hankali, kuma hannun da ya sani ya riƙa ja.

Sai ga wasannin Olamfik sun gabato a Beijing, sabunta biza ya yi tsauri. Ta Balkissa ta ƙare, ba a ƙara mata ba, ta kama hanyar gida ranar ɗaya ga wata. Tana ɗaure akwati ta ce wa Hajiya ga Saffana nan a ɗakin da ke jikin nasu, ta ƙwanƙwasa mata mana. Hajiya ta ce ta ji.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Saffana 'yar Fagge ce, ita ma leshi take sayarwa a Kwari, kuma a da Yaya take kiran Hajiya. Shekara biyu da suka wuce Hajiya ta gano wani zanen leshi a wata rumfa, ta nuna mata don zumunci, sai ga irinsa ya riga nata isa Kano a shagon Saffana. Tun daga ranar, in sun haɗu a lif, ina kwana da lafiya lau, shi ke nan. Tsayawa a gaban wannan mata da shimi, a juya mata baya, a ce ja, Hajiya ta ga gara ta nemi wata dabara.

Dabarar ita ce mariƙin ƙofa. Bayan sallar asuba sai ta maƙala madaukan igiyar a jikinsa, ta yi gaba taku-taku har ta ji ta tsaya daidai, sannan ta lalubo ta ƙulle. Kwana goma sha ɗaya ana haka. Madam ta jure, ko da yake kukanta ya sauya, ya koma ƙirrr mai tsawo. Mariƙin ƙofa yana da ƙarfi, amma bai san inda ake cewa ya isa ba.

Ranar Talata ce ranar ƙarshe ta loda kayan Hajiya a kwantena, kayan babbar salla, ita kuma bizarta Juma'a za ta ƙare. In ba ta je sito ta tsaya a kan kwalayenta ba, ko dai su cakuɗe da na wasu, ko a bar su a nan ita tana Kano. Ta san yini za a yi a tsaye, don haka ta ƙara taku ɗaya a kan wanda ta saba. Madam ta ce ɗas. Ta sake cewa ɗas, ɗas. Sannan ta ce fyaaat, daga sama har ƙasa, kuma wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Hajiya ta tafi da fuska a kan tayil, bayanta ya riƙe. Waya tana kan gado, gadon kuwa ya yi mata nisan Kano. Ta kwanta a nan tana jin talabijin ɗin ɗakin Saffana ta bango, ana ta tafi a wajen wasanni. Ta gwada tashi sau uku. Ta yi tunanin kwalayenta, ta yi tunanin yadda ma'aikatan masauki za su same ta. Sai da rana ta hau bangon ɗakin sannan ta miƙa hannu ta jawo takalmi, ta buga bango da dunduniyarsa.

Saffana ta kira mai shara ta buɗe da makullinta, ta sa ta tsaya a waje, ta shigo ta mayar da ƙofa. Ta dubi Hajiya a ƙasa, ta dubi marigayiyar a yage, da igiya tana reto a mariƙi. Hajiya, fuska a bango, ta ce, "To, kin gani."

Saffana ta ce, "Na ga mace ta faɗi. Yaya, ina zaninki mafi tsawo?"

Ta ɗauko rabin turmin atamfa, ta ninka shi a tsaye, ta tallafo Hajiya ta jingina ta da gado, ta naɗe ta tun daga ƙugu har ƙarƙashin ƙirji, irin ɗaurin da kakarta ke yi wa masu jego. Ta rufe nata ɗakin, ta tare tasi. A sito aka ba Hajiya kujera tana nunawa da yatsa, Saffana tana bin kwalaye tana duba suna. Kafin la'asar aka rufe kwantena, ba a bar ko ɗaya ba.

An yi iya ƙoƙari. Washegari Saffana ta hau bene na uku a Shahe neman tsohuwar, ta tarar rumfar ta koma ta riguna masu tutoci. Da ta kwatanta ta da hannu, mai rumfar ya ce me-yo, wato babu. Aka kai wa Illa gawar. Ya juya ta, ya sa yatsa a yagar, ya ce a gaya wa baƙuwar ta yi haƙuri.

Marigayiyar ta bar uwar ɗakinta. Da Balkissa a Maraɗi, wadda da aka gaya mata a waya ta tambayi wa ya ja, da ta ji amsa ta ce ita da wannan ƙofa har abada. Da shimi uku da suka yi zama da ita lafiya. Da igiyarta, wadda ta tsira ba ko ƙwarzane. Mariƙin ƙofa yana nan a bakin aikinsa.

Za a yi mata sutura gobe Alhamis bayan la'asar, a ɗaki na shida, hawa na tara. Ba za a yi salla ba, ba a kuma tambayi malam ba, don an san amsar. Za a naɗe ta a tsohon mayafi, ta bi jirgin Juma'a a ƙasan akwati, a kwantar da ita a Gwammaja cikin adakar mahaifiyar Hajiya, kusa da fatari da jigidar tsohuwar. Hajiya za ta karɓi gaisuwa a kwance a kan darduma. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo bel na roba, an riga an kawo bakwai, kuma kada a ba ta dariya. Mata su shigo ciki. Maza su tsaya a baranda su ce Allah ya ba da haƙuri, kada su tambayi me ya rasu. Mai ƙarfi a cikinsu ya dawo Juma'a da safe, akwai akwati biyu.

Hajiya ce ta faɗa daga kwance, Saffana ta rubuta. Saffana ta nemi a sani cewa akwai wuri guda da ba ta yarda da shi ba, wato maganar zanen leshin nan, amma ta rubuta shi yadda aka faɗa.