Ƙif ko Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na hau keke a Dir'iyya, ko da ma na so in manta, Alhaji Sabo yana da rai.

Alhaji Sabo direba ne, maƙwabcina a unguwar Manfuha. Bakano ne, ni kuwa Bazazzagi, to kun san abin da ke tsakani. Tun da muka haɗu a Riyad nake ba shi labarin yadda ina saurayi nake ɗora buhun masara a keke in kai kasuwar ƙauyenmu, keken ko birki babu, da silifa nake taka taya in tsaya. Labarin nan gaskiya ne, Allah shaida. Amma duk lokacin da na ɗauko shi sai ya ce, "Malam, Zage-zagi fa a baki kuke tuƙi."

Ana nan sai Dakta Umar, likitan da ke duba mini sukari, ɗan ƙasarmu ne, ya ce dole in riƙa motsa jiki. Ya nuna mana hotunan hutun da ya yi a Jodan, yana kan keke yana zaga kangayen Rumawa, ginshiƙan dutse tsaye babu rufi. Na ce ikon Allah, mutanen da aka saukar da sura da sunansu, ga abin da ya rage. Ya ce mu ma ai muna da kangaye a bakin ƙofa, mu je Dir'iyya mu zaga tsohon gari, mu gangara kwarin Wadi Hanifa. Alhaji Sabo ya yi caraf ya ce, "Yallah! A ba Malam keke mu ga buhun masara."

Da na gaya wa matata Hajiya, ba ta ce kada in je ba. Cewa ta yi, "Malam, ka dai sa tsohon wando." (Na sa sabo. Mutum ba ya jin magana sai ta zama tarihi.)

Da farko a ƙasa muka taka. Ganuwar laka, lunguna, azara, sai ka rantse a tsohon birnin Zariya kake. Alhaji Sabo ya ce wai wannan ne aikin Rumawan? Na ce a'a, wannan irin namu ne, Kanawa ma sun gwada amma bai yi kyau haka ba. Dakta yana ta dariya. Har nan girmana yana nan daram.

Sannan muka karɓi kekunan haya. Nawa yana da wasu 'yan maɓallai a kan hannu, mai hayar ya fara yi mini bayani, na ɗaga masa hannu na ce, "Khalas, ya akhi." Wa zai koya wa kifi iyo? Na naɗe jallabiya, na yi bisimilla, na hau. Kuma wallahi ƙafa ba ta manta ba. Na wuce Dakta, na wuce Alhaji Sabo yana haki, iska tana kaɗa ni, na ji kamar in yi waƙa, na dai yi istigfari.

A bakin gangaren da ke sauka cikin kwarin akwai jan allo da haruffa biyu, ƙaf da fa, babu wasali. Kowa ya san ƙif ne, wato tsaya. Ni da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai inda ake tsayawa a karatu, ai ba a gaya mini. To amma idon da ya saba da ajami, sai ya ga wata kalma daban. Nan shaiɗan ya raɗa mini in yi wa Bakano darasi. Na waiwaya, keke yana tafiya, na ɗaga murya.

"Alhaji! Karanta mini allon can!"

"Malam, duba gabanka!"

"Ba ka iya ba? Ƙafa aka rubuta! Larabawa ma sun san da ƙafa ake birki!"

"Malam, gabanka na ce!"

Da na juyo, allon yana bayana. Na damƙi abin da ya fi kusa da yatsuna, ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ashe giya nake canzawa, keken ya ƙara wuta. Birki yana nan ƙarƙashin yatsuna, amma hankalina ya riga ya koma ƙauye. Na ɗaga ƙafa na taka tayar gaba, yadda na saba. Abin da ban lissafa ba, wancan yaron siriri ne, wannan kuwa shi ne buhun masarar.

Takalmin ya tashi sama. Jallabiya ta shige sarƙa. Na ji wando ya ce ɓarrr, tun daga inda ba a faɗa. Keken ya bar hanya ya nufi gindin wani dabino, inda wani dattijo Balarabe ya shimfiɗa darduma da 'ya'yansa maza suna shan gahawa. Na iso musu a zaune, a kan dardumar, kamar wanda aka gayyata. Takalmin ya biyo ni ya sauka cikin farantin dabino.

Duk suka zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Assalamu alaikum."

Dattijon nan, Allah ya saka masa da alheri, ya amsa har da wabarakatuhu. Ya tambaye ni ko na ji ciwo, na ce alhamdulillah. Ya cire takalmin da yatsu biyu ya ajiye gefe, ya zuba gahawa ya miƙo mini, ya ce, "Tafaddal." Na sha kofi bayan kofi, ba don ƙishi ba, don in na tashi wandon zai yi bayani.

Alhaji Sabo ya iso yana tura kekensa, hawayen dariya shaɓe-shaɓe, waya a hannu. Ya durƙusa gabana da ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, a wace ruwaya aka karanta ƙafa?"

Da mayafin dattijon na ɗaura na koma mota. Kafin mu kai Manfuha labari ya riga mu. Hajiya ta buɗe ƙofa, ta dubi mayafin, ta miƙo mini tsohon wandon nan.

Yau ko a masallaci, Malam Ƙafa ake ce mini. Labarin buhun masara kuwa na yi masa jana'iza. Abin da na koya shi ne, in ka ga an ce tsaya, ka fara tsayawa tukuna, tafsiri ya biyo baya.