Yadda Za Ka Sa Wa Babur Ƙafa Mai Waya Ba Tare da Bakanike Ba

Idan ka bi matakan nan bakwai yadda na jera su, ina tabbatar maka babur ɗinka zai tsaya a kan ƙafafu biyu masu waya, kuma duk unguwarku sai ta san ka yi aiki. Ni Jalaluddeen, ma'aikacin ofis a Kazaure, a kan nawa na gwada su, ga ni kuwa da raina da haƙorana.

1. Ka sayi babur da ya fi ƙarfinka

Ba a kan ɗan babur ɗin kai yara makaranta ake wannan aiki ba. Ka nemi dogon nan na masu ratsa sahara, matsakaici a cikinsu, wanda in ka hau sai yatsun ƙafarka kaɗai ke gaisawa da ƙasa. Nawa na hannu ne, daga Kano. Ya zo da ƙafafun zubi, dunƙulallen ƙarfe mai sheƙi, kuma a sati na uku na daki dutse a hanyar Roni, ta gaba ta tsage.

Masana sun ce ƙafa mai waya, mai sifoki irin na keke, ita ce ke lanƙwasa ta dawo maimakon ta tsage. Masanan nan a bidiyo na same su, kuma kiɗan da suka sa ya fi maganarsu ƙara. Wannan bai hana ilimi shiga ba.

2. Ka ɓata da bakanikenka

Nawa sunansa Haladu, shekara talatin yana gyaran babura a bakin tasha. Ranar da na kai masa nawa, ya zagaya shi sau biyu, ya tambaye ni ko har da tsani aka sayar mini. Bayan mutanen rumfar sun gama dariya, ya ce in sababbin ƙafafun sun iso in kawo masa, don sabuwar waya sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya an ɗaure.

Ka riƙe maganar tsani a zuciya, ka watsar da ta waya. Namiji ba ya ɗaukar shawara daga bakin da ya yi masa dariya.

3. Ka yi alkawari kafin kaya su iso

Aiki ba ya daɗi sai da wa'adi. Surukina Baba Kura, dattijo mai fataucin hatsi wanda ba ya yawan magana da ni sai gaisuwa, shi ne waliyyin Mamuda, ɗan wani amininsa da ya rasu. Za a ɗaura wa Mamudan aure ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya a wani ƙauye can bayan Gwiwa, ga shi ruwan Agusta ya cinye hanyar, mota ba ta shiga. Ina zaune a zaurensa ake ta neman dabara, sai na ji bakina yana cewa ai babur ɗina don irin wannan hanya aka ƙera shi.

Baba Kura ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, ƙarfe takwas.

A lokacin babur ɗin yana jingine a tsakar gidana da tsagaggiyar ƙafa. Sababbin ba su iso daga Kano ba sai Juma'a bayan an sauko masallaci.

4. Ka ɗaga shi da abin da Allah ya hore

Masu bidiyo suna da jak na musamman. Kai kana da turmi. Ka jira matarka ta shiga ɗaki, ka kife shi a ƙarƙashin injin.

Ka kwance noti, ka zare dogon ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafa, ka cire faifan birki daga tsohuwar ka ɗaura a sabuwar. Tayar ka kai wa mai faci ya sa mata tif, amma ka ce masa ta wani abokinka ce. Duk abin da ka kwance ka zube shi a tabarma ba tsari, domin tsari alamar rashin yarda da kai ne.

Da na gama na tsaya ina kallon aikina, sai matata Sadiyya ta fito neman turminta. Ta sunkuya ta ɗauko wani ɗan zoben ƙarfe daga gefen tabarma.

"Baban Lubna, wannan fa na ina ne?"

Na ce mata kamfani kan saka irin waɗannan ne don kwalliya. Ta ce to, amma gobe ubanta ne zai zauna a kai, kuma uba ɗaya gare ta. Ta ajiye mini zoben a tafin hannu, ta ce dakan gero zai iya jira. Haka na sake kwance komai. Ashe zoben shi ke hana ƙafar gogar ƙarfen gefe. Kada ka gode mata, za ta saba.

5. Kada ka matsa birki kafin ka hau

An ce duk wanda ya cire ƙafa ya mayar, sai ya matsa birki sau da yawa a tsaye har ya yi tauri. Wannan sai daga baya na ji shi.

Da safe na fito da babur, wayoyin suna walƙiya, maƙwabta suna ƙofar gida. Na ba shi wuta, na kai kwanar layi, na matsa birki, hannun ya tafi har ƙarshe kamar na matsa tuwo. Allah ya sa maƙwabcina yana gini, tarin yashinsa na shige har gwiwa.

Ka tashi, ka karkaɗe rigarka, ka ce kana gwada shi ne a rairayi.

6. Ka ɗauko surukinka

Baba Kura ya fito cikin farar babbar riga, ya taka dakali ya hau, ya yi bisimilla sau uku. Har muka wuce Gwiwa lafiya lau, ina ta yi masa bayanin amfanin ƙafa mai waya.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga ramuka, sai na fara jin wani ƙis-ƙis a gaba. Can kan babur ya soma kaɗawa hagu da dama, tun ina iya riƙe shi har hannuna ya fara mutuwa. A wani gangare ya fizge, muka nufi kwatami, na ji tsohon ya damƙe ni a ciki da hannu biyu. Da ƙyar na tsayar da shi, tayar gaba tana leƙen ruwa.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ƙarfe goma saura, ba gida gaba ba gida baya, ga mutane can suna jiran waliyyi, ga dattijo mai shekara saba'in da na kusa kifarwa saboda an yi mini ba'ar tsani. Na buɗe baki zan ce hanya ce ba kyau.

Baba Kura ya sauka, ya tsuguna, ya kama waya ɗaya da yatsa biyu ya girgiza. Tana rawa kamar haƙorin tsohuwa.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

Na ce ni ne, Baba. Ya ce ya sani, so yake ya ji ko zan faɗa.

7. Ka zama nauyi

Ya sa na kafa babur a kan ƙarfen tsayar da shi na tsakiya, ya ce in hau can baya in zauna don ƙafar gaba ta ɗaga. Wannan shi ne aikina gaba ɗaya, kuma na yi shi da kyau.

Shi kuwa ya naɗe hannun riga, ya zaro ƙaramin sifana daga kayan babur. Ya riƙa juya ƙafar yana ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kusa. Wadda ta yi ƙara siririya ya wuce ta, wadda ta yi bif ya ɗaure kaɗan, ya tsallaka ta kishiyar gefe. Ya tsinko kara ya riƙe dab da bakin ƙarfen ƙafar, yana duba inda yake gogawa.

Yana yi yana magana, ba tare da ya dube ni ba. Ashe kafin ya mallaki rumbu ko ɗaya, shekara tara ya yi yana kai hatsi kasuwar garin Babura a keke, buhu biyu a baya, shi da mahaifin Mamuda. Ya ce a kan hanya irin wannan suka koyi ɗaure waya, kuma marigayin ya fi shi kunne. A nan ya ƙwanƙwasa waya ɗaya sau uku alhali ta riga ta ɗauru.

Mun isa sha ɗaya da rabi ta wuce, liman ya fara duba agogo, ango ya fita daga hayyacinsa. Baba Kura ya zauna a sahun gaba da baƙin mai a hannun farar rigarsa, ya karɓa wa Mamuda aure. Da aka tambaye shi abin da ya tsayar da mu, ina bayansa ina jiran hukunci, sai ya ce damina ce, kuma ba don surukinsa ba da bai zo ba.

A hanyar dawowa, da muka hau kwalta, ya matso kusa da kunnena.

"Ta bayan ma tana magana. Ka kawo shi gida Juma'a. Kai kaɗai, ba sai ka taho da Sadiyya ba."

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ranar ya fara gayyata ta ni kaɗai.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya karye, ko ya karya wani, babu ruwana, babu ruwan iyalina, kuma kada ya zo ofis nemana. Ban ɗauki alhakin tif da ya fashe ba, ko wandon da ya yage, ko auren da aka ɗaga. Musamman ina jan kunnen wanda surukinsa malamin makaranta ne ko mai sayar da atamfa: kafin ka ɗauke shi a baya, ka bincika abin da ya yi yana saurayi. In bai taɓa hawa keke ba, ku tafi a ƙafa.