Kibiya Mai Lambar Waya

Malam Ɗayyabu ya shekara talatin da biyar yana magatakarda a kotu, kuma tun da yake bai taɓa kashe abin da ya fi sauro girma ba. Ko kaza za a yanka a gidansa sai an kira maƙwabci. Da ya yi ritaya ya dawo Garin Marke, zaman banza ya ishe shi, sai ya wayi gari ya ce shi maharbi zai zama. Matarsa Kuluwa ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma dariyar nan ta yi masa zafi ƙwarai. Ya rantse mata ranar farautar gari sai ya shigo gidan nan da abin da ya harbo saɓe a kafaɗa, ita dai ta wanke babbar tukunya ta ajiye. Don mugunta kuwa ta wanke ta tas, ta kife ta a tsakar gida, duk matar da ta shigo sai ta gaya mata abin da tukunyar ke jira.

Ya je wurin Sarkin Baka Barmo neman shawara, ko kuwa dai don a ce ya je. Tsohon ya ce ya fara da ɗan baka mai laushi, ya cika buhu da ƙaiƙayi ya rataye a bayan gida, ya yi ta harbi har buhun ya yage. Malam Ɗayyabu ya ga wannan raini ne ga mutumin da ya zauna da alƙalai. Ranar kasuwa ya zaɓo bakan da ya fi kowane ado, an naɗe shi da jar fata, ga tauri kamar taɓarya, sai ya yi nishi kafin tsarkiyar ta motsa. Ya haɗo da kwari mai ƙananan madubai, da takalmin soja, da layu har suna rinjayar masa da damtse. Abu ɗaya ya nema ya rasa, shi ne dafin da ake shafa wa kibiya. Sarkin Baka ya ce ba a ba sabon hannu dafi sai ya shekara yana shiga daji. Malam Ɗayyabu ya ce hassada ce kawai.

Saura maganar shaida. Al'adar maharban garin, in nama ya faɗi aka yi gardama, kibiyar da aka samu a jikinsa ake dubawa. Shi ya sa kowa da alamarsa: wani ya ɗaura jan zare, wani ya yi tsaga biyu a jikin karan, wani ya ɗan ƙona gindin. Tsohon magatakarda ya ce wannan ba shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali ba ce. Ya kwashi kibiyoyinsa ya kai wa mai rubuta allon shaguna, aka rubuta wa kowace da farin fenti sunansa, da sunan mahaifinsa, da lambar wayarsa.

Ranar farauta aka buga ganga, karnuka suka yi gaba, aka yi layi aka kutsa daji. Kafin hantsi Malam Ɗayyabu ya jiƙe sharkaf da gumi, madubansa na ta ƙyalli suna sanar da kowane zomo cewa ga shi nan tafe. Can sai gada ta tashi daga cikin sabara. Kibiyoyi suka bi ta. Shi ma ya ɗana tasa, ya ja iya ƙarfinsa, ya runtse ido, ya saki. Tsarkiya ta zabge shi a hannu. Da ya buɗe ido sai ga gada a ƙasa tana shure-shure, can ta hagu kuma wani ya ƙwalla ihu. Shi a zatonsa jinjina ake masa, har ya ɗaga baka sama.

Aka taru gindin tsamiya don rabo. Wasu maharba biyu suka fara ja-in-ja a kan gadar, sai Malam Ɗayyabu ya ratsa su, ya gyara murya irin ta buɗe zaman kotu.

"Sarkin Baka, ƙa'idar nan ba ni na kafa ta ba. Wanda aka sami kibiyarsa a jiki, shi ke da shi, shi zai ɗauka ya kai gidansa. Ko ba haka ba ne?"

Tsohon ya ce haka ne.

"Ba ɗaukaka ƙara?"

"Babu, Malam."

Aka zare kibiya daga haƙarƙarin gada, sai ga jan zare, ko ɗigon fenti babu. Malam Ɗayyabu yana cikin cewa a juya ta a duba ɗaya gefen, sai ga mutum huɗu sun fito daga daji suna haki, sun ɗauko wani maharbi, Jatau, rub da ciki. Jatau kuwa ƙato ne, duk garin an san in ya zauna gaban akushi ba mai haɗa hannu da shi. Ga kibiya tsaye ƙyam a mazauninsa, farin fenti raɗam. Wani ya duƙa ya karanta wa jama'a suna, ya karanta sunan mahaifi. Wani shaƙiyyi kuma ya ce a tabbatar tukuna, ya buga lambar. Waya ta hau ƙara a aljihun Malam Ɗayyabu.

Sarkin Baka ya duba ciwon, ya gode wa Allah da bai ba Malam dafi ba, ya ce Jatau zai tashi, amma zai yi wata guda bai zauna ba, balle ya nema wa kansa abinci. Malam Ɗayyabu ya laluba aljihu ya kashe wayar. Ba Jatau yake gani ba, tukunyar nan yake gani kife a tsakar gida, da matan unguwa.

Ya ce da ƙaramar murya, "Ni fa gada na auna, ranka ya daɗe. Yanzu me zan gaya wa Kuluwa? Ta riga ta wanke tukunya."

Sarkin Baka ya ce, "Ba abin da ya ɓaci, Malam. Kibiyarka ce, naka ne, saɓa shi ka kai mata. Tukunyar ma kada ta mayar. Sai dai ka gaya mata wannan ba dafa shi ake ba, shi ake dafa wa."