Kwamfutar da Ke Duba Fuskar Mai Tambaya

Ranar Litinin da ta wuce na aro motar maƙwabcinmu mai aski don in kai Yayana asibiti a auna masa ido. Ina kunnawa na ga allurar mai a kwance kamar ta sha maganin mura. Muka shiga layin gidan mai. Ba zan gajiyar da ku da labarin layin ba, kun san shi, wasunku ma a cikinsa kuke karanta wannan shafi. Abin da zan faɗa kawai shi ne, Yaya ya yi barci ya farka, ya tambaye ni ko mun kusa. Na ce ko famfon ban hango ba tukuna.

Ya ce, "To ka ji yadda nake ji kullum."

Yaya tela ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da kekensa ya ciyar da mu, shi ne kuma ya kora ni ajin karatun manya lokacin da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Yanzu yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Keken na nan a lulluɓe da tsohon zane. Kwanan baya matarsa ta same shi a tsakar gida yana gaishe da tankin ruwa, har yana tambayar sa iyali, a zatonsa mai gidan haya ne. Ya ce bai ga laifinsa ba, su biyun duka ba sa amsa gaisuwa.

Likitan da ke yin aikin ido daga nesa yake zuwa, sau ɗaya a shekara, kuma a ƙarshen makon zai tattara ya tafi. Ya duba Yaya ya ce yanar ta nuna, jira zai iya ɓata idon gaba ɗaya. Amma ba ya taɓa ido sai an auna shi da na'ura, don a san girman ɗan gilashin da za a dasa a ciki. Ba awo, ba aiki. Ba aiki, sai baɗi, in idon ya yarda ya jira.

Muka isa ɗakin awo. Dogon benci, fanka mai kuka, labule shuɗi, mutane jere kowa da mai yi masa jagora. Ga na'urar awon can a lungu, da wurin ɗora haɓa. Kusa da ita ga wata kwamfuta sabuwa fil, ko ledar gefenta ba a gama ɓarewa ba, da guntun jan ƙyalle yana lilo a jikinta. Ashe watan jiya Mai Girma Mai Almakashi ya zo da jiniya da masu ɗaukar hoto, ya yanke ƙyalle, ya ba asibitin sababbin kwamfutoci. Allah ya ƙara masa kaifi. Tun daga ranar ba a sake auna idon kowa ba.

Ni mutum ne da ba ya son hayaniya. In ana cacar baki nakan nemi gefen benci in zauna, don na lura wanda ya yi shiru shi ake mantawa da shi a faɗi gaskiya a gabansa. Haka na zauna har wata injiniya, wadda ke kula da kwamfutocin asibitin, ta gaji da amsa tambayar "yaushe" ta zo ta zauna kusa da ni tana fifita da kwali.

Na ce, "'Yata, ba faɗa na zo yi ba. Wace ce ta lalace, na'urar ko kwamfutar?"

Ta ce, "Baba, da ma ɗaya ta lalace, ai da na huta. Dukansu lafiya lau. Gaisawa ce ba sa yi."

Ta yi mini bayani, ni kuma ga yadda kaina ya ɗauka. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ita ce mai gida. Sauran ƙananan manhajoji baƙi ne da ke zuwa aiki a gidan. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya ajiye jaka, sai ya tambayi mai gida: mene ne sunanki, kuma zubi na nawa ce ke? Akwai wurin da mai gidan ta ajiye amsar, suna da lamba, tana miƙa wa duk wanda ya tambaya. Da wannan amsa baƙo ke sanin ko zai iya zama.

To ita manhajar awon ido tsohuwa ce mai taurin kai. Tun da aka yi ta, amsa ɗaya aka koya mata: zubi na biyar. Sai ga sabuwar kwamfuta ta buɗe baki da alfahari ta ce ita zubi na tara ce. Tsohuwa ta ce ba ta san gidan nan ba, ta ɗauki jakarta ta rufe.

Na ce, "To na taran ba za ta iya aikin ba ne?"

"Ta iya, har da ƙari. Ba a ma bari ta gwada ba. Suna kawai aka ji."

"Ina tsohuwar kwamfutar, wadda suka saba?"

Ta dube ni da tausayi. Ashe daren jajibirin zuwan Mai Girma aka loda duk tsofaffin a babbar mota, don kada su ɓata hoto. Inda motar ta nufa, an kafa kwamitin da zai gano.

Yaya, wanda nake zaton barci yake, ya ce, "Ni ma mai almakashi ne. Amma ban taɓa yanka abin da ban san yadda zan ɗinke shi ba."

Injiniya ta yi dariya, sannan ta rage murya. Ta ce gyaran bai kai shan kofin shayi ba. Masu ƙera babbar manhaja sun san da irin waɗannan tsofaffin baƙi, don haka suka bar wata ƙofa. Ana iya gaya wa mai gida: in wance ce ta tambaye ki, ki ce ke na biyar ce. Shi ke nan, tsohuwa ta ji sunan da ta sani, ta zauna ta kama aiki.

Na ce, "To me ya hana?"

Ta nuna sama da yatsa, ba rufin ɗaki take nufi ba. Ashe an saka wa kowace sabuwar kwamfuta wata 'yar manhaja mai kai rahoto. Kullum da safe ita ma sai ta yi wannan tambaya, suna da lamba, ta aika can hedikwata. A ofishin Mai Girma akwai ƙaton allo. Duk asibitin da kwamfutarsa ta ce na tara, sai ya fito kore. Wanda ya ce wani abu daban, ja. An ce Mai Girma ba ya karya kumallo sai ya ga allon nan kore shar. Saboda haka umarni ya sauko cewa kada wanda ya taɓa cikin kwamfuta sai da izinin shugaban asibiti.

Ku duba hikima, jama'a. Da, in kana son sanin ko asibiti na aiki, sai ka sha wahalar zuwa ka ga marasa lafiya, ka shaƙi warin magani. Yanzu daga kan kujera kake tambayar kwamfuta sunanta. Makafi na jere a benci, allo kuwa kore. Wanda ya ce ba a ci gaba ba, hassada ce ke damun sa.

Ana haka sai ga shugaban asibitin ya shigo zagaye, mutum mai cika ido da cika riga, maɓallan cikinsa na addu'a. Injiniya ta tare shi, ta sake roƙo. Ta ce tsohuwar manhaja kaɗai za a ce wa na biyar, mai kai rahoto kuwa za ta ci gaba da jin na tara. Kowa da amsarsa.

Ya dafe ƙirji. "Wato ki koya wa kayan hukuma magana biyu? A ƙarƙashina?"

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na daɗe ban ga mutum mai tsoron ƙarya irin wannan ba. Wannan fa shi ne wanda, kamar yadda masu shara suka ba ni labari ina zaune shiru, ya ce wa Mai Girma duk na'urori na aiki ba dare ba rana.

Ya ƙara da cewa in aka yi kuskure allon ya yi ja, shi za a kira, ba ita ba. A nan na gane shi ma abin tausayi ne. Ba ƙarya yake tsoro ba, ja yake tsoro.

Sai Yaya ya ɗaga sandarsa, ya juya fuska wajen da ba nan shugaban yake ba. Na gyara masa saiti.

"Yallaɓai, ka taɓa kai ɗinki?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Baba?"

"Shekara da shekaru ina auna manyan mutane. In na zagaya tef a ƙugun mutum, ya ce nawa ne, sai in faɗa masa awonsa na lokacin da yake saurayi. Ya ji daɗi. In ya tafi, in yanka yadin a kan awon yau. Ya zo ya sa wando ya zauna masa daram, ya ce ai shi ya san bai ƙara ƙiba ba. Da na faɗa masa gaskiya, da ya canja tela. Da na yanka a kan abin da na faɗa masa, da ya yage a gaban mutane. Baki daban, almakashi daban. Wa aka cuta?"

Benci ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ta ce ashe haka telanta yake mata, Allah ya isa.

Yaya bai gama ba. "Ni ba na ganin ka, Yallaɓai. Amma daga jin numfashinka, naka telan ma yana ƙaunar ka."

Na ga shugaba ya ja ciki ya riƙe. Ya dubi benci, ya dubi kwamfuta, ya dubi agogon hannunsa da ban tabbata yana tafiya ba. Ya ce yana da taro a ɗaya ginin, kuma taron zai daɗe. Ya ce bai ba da izini ba, a shaida. Da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce shi dai duk abin da ya faru a ɗakin nan bai gani ba.

Yaya ya ce, "Mun zama mu biyu ke nan."

Injiniya ta zauna, ta danna nan ta danna can. Ta buɗe manhajar awo. Tsohuwar manhaja ta yi tambayarta, sabuwar kwamfuta ta sunkuyar da kai ta ce ita na biyar ce, ranki ya daɗe. Sai na'urar ta yi ƙara, wata 'yar fitila ta kama. Yaya ya ɗora haɓa, aka auna dama, aka auna hagu. Kafin la'asar bencin ya yi sauƙi.

Washegari muka dawo da fargaba, don injiniya ta ce sai mai kai rahoto ta yi tambayar safe za a san ko asiri ya tonu. Muka tarar da shugaba yana fara'a har kunne. Allo kore. An ma bugo daga hedikwata ana yaba masa, wai asibitinsa ne ya fi kowanne rungumar zamani. Na ji yana gaya wa wani baƙo yadda ya zauna ya yi nazari ya warware matsalar. Na lura shi ma an buɗe masa ƙofar nan ta magana biyu.

Na tambayi injiniya ko ita kwamfutar ba za ta rikice ba, ta manta wace ce ita. Ta ce a'a, can ciki sunanta na gaskiya na nan a rubuce, bai canja ba, kuma wanda ya san hanya zai iya tambaya ya ji. Da na kai wa mai aski labarin, ya tsaya da reza a sama.

"Kai malam, ashe ta fi masu mulkinmu. Titin unguwar nan, can sama an ce an gama. Mu an ce mana ana nan tafe. Ɗan kwangila an ce masa a jira. In ka buɗe cikinsu fa, wanne za ka tarar?"

Na ce ina zaton ba za a tarar da komai ba, amsoshin ne kawai a jere. Ita kwamfutar aƙalla da ta yi magana biyu an auna ido. Ya ce in daina motsi kada ya yanke ni.

An yi wa Yaya aiki kafin likita ya tafi. Ranar da za a cire bandeji na tsaya a gabansa, matarsa na gefe tana murza bakin mayafi. Aka ɗaga audugar a hankali. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Ya dubi matarsa ya daɗe. Sannan ya sauke ido kan rigata, ya kama bakin hannun, ya juya shi.

"Wane mugu ne ya yi maka wannan ɗinkin?"

Na ce, "Kai ne, Yaya, bara."

Ya saki hannun, ya ɗago ya ƙare mini kallo. "Ni na bar ƙanina da baƙin gashi a ka. Wannan tsohon daga ina? Kai, shekarunka nawa yanzu?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ma'aikaciyar jinya na saurare, matar Yaya na saurare, har tsohuwar nan ta benci ta miƙo wuya daga gadon kusa.

Na ce, "Wa ke tambaya?"

In kun ji an ba ni muƙami kwanan nan, kada ku yi mamaki. A ɗakin awon ido na yi karatun.