Nomau da Ɗakin Inna

A ƙauyen Tudun Gawo an yi wani mutum ana ce da shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne, don gonarsa ta fi ta kowa tsabta. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Su uku ne a gidan, shi da matarsa Tasallah da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Yayansa Haladu yana birni yana sayar da kayan gyaran mota. Daga can yake aiko da abin masarufi, yana kuma aiko da umarni ta waya.

Ɗakin Inna na bulo ne mai rufin kwano, Haladu ya gina mata don a san ɗanta ya samu. Amma da bazara ta kama sai ɗakin ya koma tanda. Ga tsufa ga hawan jini, har malamar asibiti ta ce zafin nan ne ke tayar mata da ciwo. Haladu ya ce in ba a sami mafita ba, bana zai zo ya tafi da ita birni. Inna ta ce ita ko gawarta ba ta yarda a kai birni ba. Nomau kuwa ya zaga bayan rumbu ya yi ta kuka.

Wata rana Haladu ya aiko da ƙaramin janareta da fanka. Kwana goma janareta na ruri, fanka na juya iska mai zafi, fetur na ƙarewa kamar ana zuba shi a rairayi. Haladu ya bugo waya.

"Nomau, wannan abu zai talauta ni. Da zarar Inna ta fito daga ɗaki, ka kashe shi."

"In kashe shi, Yaya?"

"Ka kashe shi mana!"

Washegari da hantsi Inna ta fito shan inuwa. Nomau ya ɗauko taɓarya ya nufi janareta. Tasallah na madafa ta ji kwaram, kwaram, ta fito a guje da ludayi a hannu.

"Malam, lafiya?"

"Taurin rai gare shi," in ji Nomau, yana share gumi. "Sai a bugu na tara ya yi shiru."

Ya kira yayansa ya ce aiki ya kammala, a binne ne ko zai zo ya gani tukuna? Haladu ya yi salati ya katse wayar.

Wata rana kuma, bayan fushi ya huce, Haladu ya aiko da farantin sola da batir. Ya ce wannan ba ya shan mai, rana ce abincinsa, kuma rana ba a saye.

"Abu ɗaya nake so da kai. Kada ka bari rana ta wuce shi."

Nomau ya ajiye farantin a tsakar gida ya zauna yana gadi. Da azahar ta gota sai ya ga inuwar katanga ta fara hawa kansa. Ya yi wuf ya yi gammo, ya ɗora faranti a ka, ya bi rana. Ya wuce masallaci, ya wuce makarantar firamare, ya tsallaka rafi. Mutanen ƙauyen gaba suka ga mutum na sauri da baƙin allo a ka, yana ɗaga ido sama yana cewa, "Dakata mana, baiwar Allah!" Sai bayan magariba wani mai amalanke ya dawo da shi, ƙafafu duk ƙaya.

"Inna," ya ce, "na yi iya yina. A bayan dutse ta ɓace mini."

Inna ta ce a ba shi ruwa ya sha. Tasallah ce ta samo tsani washegari, ta sa aka ɗaure farantin a kan rumfa, tun daga ranar kuwa batir bai taɓa yin yunwa ba.

Fanka ta dawo aiki, amma zafi bai tafi ba. Sai Tasallah ta kawo shawarar a kira Baba Mijinyawa, tsohon maginin da ya gina rabin sorayen garin. Wata rana da safe ya zo, ya shiga ɗakin Inna, ya dafa bango, ya fito yana fifita da hularsa.

"Wannan ba ɗaki ba ne, tukunya ce. Bango siriri, taga ɗaya kamar idon kaza. Fanka me za ta kaɗa? Ai sai an shigo da iska daga waje."

Baba bai rufe baki ba Nomau ya tattara buhuna uku ya nufi fadama, inda ya san iska ta fi sanyi. Ya buɗe bakin kowane buhu ya yi ta gudu tsakanin itatuwan mangwaro har ya kumbura, ya ɗaure tamau. Ya dawo ya sami Baba da Inna a ɗaki suna magana, ya rufe ƙofa don kada kayan su zube.

"Ta fadama ce, Baba, sabuwa fil."

Buhu na farko, shiru. Na biyu, ganye biyu suka faɗo. Na uku kuwa ashe ya kamfato gidan rina. Baba Mijinyawa, mai shekara saba'in da ɗoriya, shi ya fara isa zaure. Inna ta lulluɓe da zane tana salati. Nomau kaɗai aka harba, a kan hanci, ya kwana uku yana kallon duniya ta gefe.

Duk da haka Baba ya karɓi aikin. Ya ce sabon ɗaki za a yi na tubali, bango mai kaurin kamu guda, wanda zafin rana zai gaji kafin ya ratsa shi. Taga biyu suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Ya so ya yi rufin soro da azara, amma Haladu ya ƙi, ya ce ba za a ce uwarsa na kwana ƙarƙashin ƙasa tun tana da rai ba, kwano za a sa. Baba ya yi tsaki ya ce to. Nomau ne ya haƙo ƙasa, shi ya kwaɓa, shi ya yi ta miƙa tubali, kuma a wannan aiki babu wanda ya kama ƙafarsa.

Wata rana ana cikin gini Baba ya tsaya yamma da ɗakin ya ce, "Nan wurin bishiya yake so, babba, mai tare ranar la'asar." Da la'asar ɗin dattawan gari suka zo majalisarsu gindin tsohuwar darbejiya, suka tarar da rami ya kai gwiwa, Nomau na ciki yana saran saiwarta.

"Kai, me kake yi haka?"

"Aro zan yi, Baba ne ya ce. In Inna ta warke zan dawo muku da ita."

Sai da mai unguwa da kansa ya riƙe masa gatari. Aka sa shi ya mayar da ƙasa, aka ba shi ɗan dashe mai ganye shida ya tafi da shi.

Gini ya ƙare. Da safe da yamma ɗakin kamar randa, Inna har waƙa take yi. Amma da rana ta take, kwano ya ɗau zafi, sai zafin ya riƙa sauko mata a ka. Ta koma kwanciya da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Haladu ya ji labari ya ce shi ke nan, an gwada, ranar Juma'a zai zo da mota.

Wata rana, ana saura kwana uku ya zo, ya aiko da bokiti biyu na farin fenti. Ya ce ko ba a zauna a ɗakin ba, ba ya son abokan da zai zo da su su ga jar ƙasa.

"Ka shafe shi tas, daga sama har ƙasa."

Nomau ya tsaya a tsakar gida ya dubi ɗakin. Ya ga babu abin da ya fi rufi zama sama. Ya jingina tsani ya hau. Ya shafa wa kwano fenti, ya ga bai yi tas ba, ya sake, ya kuma sakewa. Kafin ya sauko kan bango, bokiti biyu sun ƙare ƙaf. Masu wucewa suka yi ta dariya, wai Nomau ya yi wa tsuntsaye kwalliya. Tasallah ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Haladu ya iso da abokansa biyu, rana kamar za ta fasa kai. Ya ga bango ja wur yadda yake, ya ɗaga kai ya ga rufi fari fat yana ƙyalli.

"Nomau! Ina fentin da na aiko?"

"Ga shi can a sama, Yaya. Ƙasan ne bai samu ba."

Haladu ya cire hula ya mayar. Ya ce a fito da kayan Inna yanzu yanzu, ya kutsa ɗakin a fusace. Aka jira a ji faɗa, ba a ji ba. Da shirun ya yi yawa Tasallah ta leƙa. Ga Inna zaune a kan gado tana ɓarar gyaɗa, babu tsumma a goshi, fanka ma a tsaye take. Ga Haladu ya miƙa hannu sama yana neman zafin da aka ba shi labari.

"Kwana uku ke nan ban nemi fanka ba," in ji Inna. Ba ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne. "Kai dai zauna ka huta. In mota ka kawo, ka koma da abokanka."

Aka aika a kira Baba Mijinyawa. Ya shiga ya fito, ya hau tsani ya dafa kwanon da tafin hannu, ya sauko ya dafa na tsohon ɗakin ya janye hannu da sauri.

"Shi ya sa muke sa farar riga da bazara," ya ce. "Fari korar rana yake yi. Shekara hamsin ina gini, ban taɓa tunanin sa wa ɗaki riga ba."

Abokan Haladu suka fara tambayar bokiti nawa zai ishi rufin shago. Mai unguwa, wanda ya shigo jin abin da ake ciki, ya ce a fara da nasa. Haladu ya fito ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Inna ta zauna. Ashe dai Nomau kana da kai."

Nomau ya kai hannu ya shafa, ya tabbatar.

"Tun da aka haife ni yake nan, Yaya. Ku ne ba ku duba ba."