Rasuwar Mai Huci, Injin Ba Taya Iska

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Malam Muhammadu Sani, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Minjibir, nake sanar da rasuwar injin ba taya iska da ke ƙofar gidana, wanda aka fi sani da Mai Huci. Ya cika ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar kaka.

Marigayin mai haƙuri ne. Tun da tsadar mai ta sa jama'a suka jingine babura suka kakkaɓo kekuna, bai taɓa korar taya ba, ko wadda faci ya fi roba yawa a jikinta. Kaɗan yake sha, ya yini yana "duf-duf-duf". Aibinsa ɗaya: in cikinsa ya cika, sai ya saki iska ta ƙasa, "fiiit", ba ya duba wanda ke wurin. Na sha yi wa mutane bayani cewa lafiyarsa ke nan.

Ranar aka yi sunan ɗan da aka haifa wa ƙanena Kamilu, aka tayar da marigayin don kekunan baƙi. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a ke nan, sai marigayin ya saki. Kowa ya sunkuyar da kai, surukin Kamilu kuma ya ɗan matsa daga kusa da Liman. Kunya ta kama Kamilu, ya tashi ya ɗaure mafitar iskar da roba tamau.

Iska ta rasa hanya, ta koma wa marigayin ciki. Ya kama shaƙuwa, ya ja ya mayar, ya ja ya mayar, jikinsa na karkarwa har kusoshi suka zube. Ya ce "gwaf", ya yi shiru. Na yafe wa Kamilu. Tarbiyya ce ta yi masa yawa.

Ya rasu ya bar tiyo ɗaya, da kekunan ƙauye duk a kwance, da buhunan gero da aka ɗaure don kasuwar Dawanau, ba abin da zai fitar da su bakin titi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Za a kai gawar wurin 'yan gwangwan a Kano ranar Asabar da safe. An so ɗaukarsa a amalanken maƙwabcina Sabo, sai dai tayar ta sace, mai cika ta kuma shi ne a kwance. Saboda haka a ka za a ɗauke shi. Masu ƙarfin wuya su zo da gammo, Kamilu ne a gaba. Masu zuwa ta'aziyya a keke, don Allah kowa ya taho da famfonsa, ko kuwa a koma gida a ƙafa.